Rasuwar 'Yar Gwangwani, Mai Gadin Waken Fassi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da kuma wata 'yar kunya da ba a saba cusawa cikin sanarwar rasuwa ba, Malama Juwairiyya Alu, mai koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata da ke Rano, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Fassi da Unguwar Gai da Rurum, har da na ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, rasuwar abokiyar aikinta, 'Yar Gwangwani. Ta cika ranar Laraba da hantsi, cikin watan Yuli, a zauren mahaifin Malama, Malam Alu Mai Wake, da ke Fassi, bayan gajeriyar jinya. Ta bar duniya tana da shekara takwas, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Ana neman afuwar jama'a kan jinkirin sanarwa. Yau kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar. Malama ta gama rubuta komai tun kwana na biyar, sai layi ɗaya da ya gagare ta, wato layin da ake faɗin abin da ya yi ajali. In ta faɗa, mahaifinta zai zama abin dariya a kasuwa har ƙarshen rayuwarsa. In ta yi shiru, wata baiwar Allah a can wata uwa duniya za ta ɗauki laifin da ba nata ba, a kuma rufe wata ƙofa da aka shekara bakwai ana ƙwanƙwasawa. Za a zo kan wannan. A bari tukuna a ba mamaciya haƙƙinta.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya kwamfuta ce sukutum a kan ɗan allo kore guda ɗaya, faɗinta bai kai tafin hannun babba ba. Ba fuska, ba madannai, ba ko riga. Haka ta zo Fassi tsirara, a jakar Malama, a bayan babur ɗin haya, shekarar da Malama ta gama karatu a Kano. Malam Alu ya juya ta gaba da baya, ya ce abin da ba shi da sutura ba zai zauna masa a zaure ba. Ya samo babban gwangwanin madara, ya huhhuda shi da ƙusa don ta riƙa shan iska, ya ajiye ta a ciki. Daga ranar sunan ya bi ta, sunan da aka rubuto mata a kwali kuwa ko Malama sai ta yi tunani kafin ta tuna shi.

Sana'arta gadi. Akwai wata doguwar waya da ta fita daga gwangwanin ta ratsa bango ta shiga siton da manoman unguwa ke tara wake, a ƙarshen wayar kuma akwai ɗan abin da mutanen gida ke kira hancinta. Da shi take shinshino laima da zafi. In lafiya lau, sai ta ce "ɗit" sau ɗaya a kowace awa, kamar mai amsa gaisuwa ba tare da ta ɗago kai ba. In laima ta fara shiga buhuna, sai ka ji "ɗit-ɗit-ɗit, ɗit-ɗit-ɗit", ba za ta yi shiru ba sai an buɗe sito an fitar da kaya rana. A cikin zafin bazara kuma 'yar fankarta takan ce "fuuuu" daga azahar har la'asar. Iyakar maganarta ke nan a duniya, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Maganar asali kuwa, sai dai a yi haƙuri da Malama, don nan ne ranta ke ɓaci. Marigayiya tana da uba, wato kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwarta, ɗan baƙin abin nan da ke tsakiyar allon wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Ba za a ambaci sunansa a wurin makoki ba. Uban nan ya haifa ya sayar ya kaɗe rigarsa. Littafin da ke bayanin yadda ƙwaƙwalwar take aiki, wanda in babu shi mai gyara lalube kawai yake yi, sai ya kulle shi a durowa ya ce sirrin kamfani ne. Sirrin me, don Allah? Ka sayar wa mutum akuya ka ƙi gaya masa abin da take ci! Bayan shekara guda ma ya daina aiko mata da kowane gyara, ya koma kan sabbin 'ya'ya. Wallahi Malama ta zagi kamfanin nan a aji, ta zage shi a kan babur, ta zage shi a gaban kwanon tuwo, har mutanen gida suka haddace zagin.

Waɗanda suka raine ta 'yan gayya ne. Wasu mutane ne warwatse a duniya, ba su taɓa haɗuwa ba, suna da wani zaure a intanet inda suke rubuta manhajar da kowa ke iya buɗewa ya karanta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba kyauta. Akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, akwai ɗalibai, akwai wata mai jego da ke rubutu da hannu ɗaya. Su ne suka zauna suna lalubo hanyoyin ƙwaƙwalwar nan ɗaya bayan ɗaya, ba littafi, ba godiya. Malama ta shiga cikinsu da 'yar kunyarta. Ba ta kai su iya rubutu ba, amma tana da abin da ba su da shi, wato zafin ranar ƙasar Kibiya, inda Fassi take. Duk sabon gyaran da suka fitar sai ta ɗora wa marigayiya, ta jira kwana uku, ta rubuta musu: "Fassi, zafi arba'in da biyu, tana aiki." Tun suna tambayar ina ne Fassi har ya zama ba sa sakin komai sai sun ji daga Fassi.

Halayenta na gari ba sa ƙirguwa. Ba ta da ci, batirin babur ɗaya da ɗan faifan sola sun ishe ta. Ba ta taɓa tambayar yaushe za a kawo wuta ba. Ta ga wayoyin hannu shida sun shigo gidan da taƙama sun fita da fasasshiyar fuska, ita tana nan cikin gwangwaninta. Aibinta ɗaya, kuma za a faɗa don gaskiya: duk ranar da batir ya yanke, sai ta farka tana rantsuwa cewa shekarar 1970 ake ciki. Malam Alu bai taɓa ganin laifin wannan ba. Ya ce shekara ce mai albarka, gero ya yi kyau, gwiwarsa kuma ba ta ciwo.

Tsakaninta da Malam Alu kuwa sai wanda ya gani. Mutumin da ya shekara talatin ana zuwa daga Rurum da Unguwar Gai ana tambayarsa yadda ake ajiye wake, wanda ba a taɓa buɗe buhunsa aka ga ƙwaro ɗaya ba, da farko kallon kishiyar sana'a ya yi mata. Sai wata damina ta yi kuka kwana biyu kafin hancinsa ya ji komai, aka buɗe sito aka tarar rufi na ɗiga ta kusurwa. Daga nan ya sallama. Kullum da safe sai ya goge mata gwangwani da gefen rigarsa, in baƙi sun zo ya nuna ta kafin ya nuna jikoki.

A farkon bana sai ga abin da ba a zata ba. Wata injiniya a kamfanin uban, sabuwar zuwa, ta shigo zauren 'yan gayya da sallama. An tarbe ta da baƙar magana, ta shanye. Ashe ta daɗe tana fama da shugabanninta a kan su buɗe littafin. Da ƙyar suka yarda ta saki babi uku da gyara guda ɗaya na gwaji, da sharaɗin in abin ya tafi lafiya a saki sauran, in kuwa ya jawo musu abin kunya a rufe maganar har abada. Ina za a gwada? Kowa ya ce Fassi. Ranar Asabar Malama ta ɗora wa marigayiya gyaran kamfani da hannunta, ta ji "ɗit" garau, ranar Lahadi ta hau babur ta koma Rano wurin aiki.

Ranar Laraba Malam Alu ya kira ta ya ce abin nan ya yi shiru. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan Malama ta yi abin da take hana ɗalibanta. Ba ta ga gawa ba, ba ta tambayi komai ba, haushin shekara bakwai ya taso mata, ta shiga zauren 'yan gayya ta rubuta cewa 'Yar Gwangwani ta shekara takwas lafiya a hannun 'yan gayya, kwana huɗu a hannun ubanta ta mutu. Kai jama'a! Zaure ya kama da wuta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya rubuta shafi biyu. Aka yi wa injiniyar nan ca, wasu har da cewa da gangan aka aiko ta. Ita dai abu ɗaya ta roƙa, a duba gawar a gaya mata gaskiya, don shugabanninta sun ba ta mako biyu, in ba ta wanke gyaran ba za su janye har babi ukun da suka bayar.

Ranar Lahadi Malama ta kai gawar wurin Munzali mai gyaran waya a Rano, wanda shi ne likitan iyali. Munzali ya buɗe gwangwani, ya kai hanci, ya janye da sauri. Ya ɗora allon a ƙarƙashin madubinsa ya daɗe yana kallo. Duk siraran hanyoyin jan ƙarfen nan sun yi baƙi ƙirin, wasu sun cinye sun rabu.

"Malama," in ji shi, "rubutu ba ya cin jan ƙarfe. Ki shinshina nan. Ba ki ji warin tafarnuwa ba?"

Ta ji. Ya karkata gwangwanin, wata 'yar toka fara-fara ta gangaro daga lungu. Ɗiyar mai wake ba ta bukatar a gaya mata tokar mece ce. Ragowar ƙwayar nan ce da ake ƙullawa a tsumma a jefa cikin buhu don ta kashe ƙwari.

Ga yadda jinyar ta kasance, kamar yadda aka tattaro daga baya. Ranar Litinin da safe Malam Alu ya zo goge gwangwani, sai ya ga kiyashi sun yi layi suna shiga ta ramukan ƙusa, sun gudo daga ruwan sama sun sami wuri mai ɗumi. Hankalinsa ya tashi. A gabansa ƙwari za su cinye amanar 'yarsa? Ya yi mata abin da yake yi wa abu mafi daraja a wurinsa. Ya ƙulla ƙwaya a tsumma ya sa a gwangwanin, ya naɗe shi da leda, ya ɗaure da roba tam, ya rufe zaure ya ce kwana biyar kowa ya bi ta ƙofar da ake shigo da shanu, don ya fi kowa sanin iskar ƙwayar nan tana kashe mutum. Aiki dai na gwani, ba kuskure ko ɗaya. Ranar Talata ya kasa kunne ta jikin ƙofa ya ji "ɗit" ɗin ya shaƙe, ya zama "ɗiii". Ranar Laraba da hantsi ta ce "ɗ", ba ta ƙarasa ba. Ranar Asabar da sassafe ya buɗe, ya binne tsumman kamar yadda ƙa'ida take, da Malama ta iso kuma ya ji tana cewa kamfani ne, sai ya yi shiru yana fatan hakan ne.

Malama ta roƙi Munzali ya rufa asiri. Munzalin da bakinsa ba shi da linzami ya riƙe maganar nan kwana shida, har ya rame. Ita kuwa ta shiga tsaka mai wuya. Ta rubuta "wani mutum" ta goge. Ta rubuta "tsautsayi" ta goge. Kullum ta buɗe zaure sai ta tarar injiniyar nan ta sake tambaya cikin ladabi ko an duba. Ta san abokan wasan Malam, ta san bakinsu. Mai Wake ya yi wa kwamfuta maganin ƙwari! Wannan ko a ranar jana'izarsa sai wani ya tuna ya ƙunshe dariya. Tausayin tsohon ya hana ta cin abinci, kunyar baiwar Allahn nan ta hana ta sukuni.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, Malam Alu yana zaune a tsakar gida yana tsince wake a faifai, ya kira ta.

"Malama, zo nan. Tun da abin nan ya mutu ba kya yarda mu haɗa ido. Ni ne?"

"Baba, ajali ne."

"Ban tambaye ki ajali ba. Ƙwayar ce?"

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. "Iskarta tana cin jan ƙarfe, Baba. Shi ya sa duk shekara nake zare hancinta daga sito kafin ku sa magani."

Malam ya ajiye faifai.

"Shekara takwas kina zare wayar nan a gabana," in ji shi. "Sau biyu na tambaye ki dalili, kika ce, Baba, abin namu ne na boko. Kullum a gidan nan da zagin kamfani muke cin tuwo, wai sun ba mutane abu sun ɓoye takarda. To ni wace takarda kika ba ni?"

Wallahi da ya mare ta da ya fi wa Malama sauƙi. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi wa marigayiyar ba. Da ta natsu ta gaya masa maganar injiniyar da wa'adin da ya kusa cika, ta ce za ta wanke ta, amma za ta rubuta "wani manomi" kawai.

"Wane manomi? Akwai irin abin nan goma sha ɗaya da kika raba wa mutane daga nan har Rurum, kuma kiyashi ba gidana kaɗai suka sani ba. In kika ce wani ne, kowa zai ce ai shi ya fi wanin nan iyawa, ya je ya sa rabin ƙwaya. In kika ce Alu ne, za su ji tsoro. Rubuta da sunana. Kuma ki gaya wa yarinyar can ta kamfani ta yafe mana, mun ɗora mata kayan da ba nata ba."

Saboda haka ana sanar da duniya, da izinin mai sunan, cewa 'Yar Gwangwani ta rasu ne sakamakon ƙwayar maganin wake da Malam Alu Mai Wake na Fassi ya sa mata don ƙauna. Gyaran kamfani ba shi da hannu. An aika wa zaure cikakken bayani da hotuna tun ranar Asabar ɗin. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya nemi gafara a layi ɗaya, wanda a wurinsa babban abu ne. Yau da safe injiniyar ta rubuto cewa shugabanninta sun janye wa'adin, babi na huɗu na nan tafe. Malama ba ta daina jin haushin kamfanin ba, amma ta rage murya.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yan uwa goma sha ɗaya a situnan Fassi da Unguwar Gai da Rurum, dukkansu cikin ƙoshin lafiya, kuma ana roƙon masu riƙonsu, don girman Allah, in sun ga kiyashi su kira Malama. Ta bar batirin babur da ya shayar da ita, wanda yanzu yake zaune ba aikin yi. Ta bar ɗan katin ajiyarta, da ya tsira da lissafin zafi da laimar shekara takwas ba ko ƙwarzane. Ta bar ɗalibai mata da yawa da suka fara taɓa cikin kwamfuta a jikinta. Kiyashin kuwa, Allah shaida ne, ko ɗaya bai tsira ba, aikin Malam ba ya ƙarya.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a ƙofar gidan Malam Alu. Mai zuwa daga nesa ya sauka a Kibiya ya ce wa kowane ɗan acaɓa gidan Mai Wake. Ba za a yi salla ba, Liman ya riga ya aiko da gargaɗi tun kafin a tambaye shi. Ba za a binne ba, Munzali zai cire abin da ke da sauran amfani a raba wa 'yan uwanta, sauran kuma a rataye a ajin Malama tare da gwangwanin. Akwai ƙosai da wake da shinkafa, na bara ne, ya sha iska, kowa ya ci hankali kwance.

Malam Alu da kansa zai zauna a tabarmar gaba. Ya ce a gaya wa abokan wasansa sun sami daga la'asar zuwa magariba, kowa ya zo da abin da ya tanada ya juye, shi ya shirya. Amma ba wanda zai taɓa ƙosai sai an saurari Malama ta karanta takardar da ta rubuta, shafi biyu, da boko da ajami, wadda ke bayanin abin da 'yan uwan marigayiya ke so da abin da ke kashe su, kuma kowane mai sito zai tafi da tasa.

A ƙarshe, za a ƙara gargaɗin ƙwayar nan a littafin bayanin da 'yan gayya ke tarawa da kansu, al'adarsu kuma ita ce duk gargaɗin da aka ƙara sai an sa sunan wanda ya gano matsalar a ƙasansa. Injiniyar ta tambayi yadda ake rubuta sunan, an aika mata. Malama ta roƙa a ƙara layi ɗaya. Sun ce ba a saba ba, ta ce a fara daga kanta. Ga yadda zai fito, kuma haka aka sa hannu a wannan sanarwa:

Wanda ya gano: Alu Mai Wake, Fassi.

Wadda ta sani ta ɓoye: 'yarsa, Juwairiyya.